Shekarar da Aka Ce Na Gudu

Ummi da Abba, babanku ya so in tsallake wannan babin. Ya ce in rubuta muku labarin kofuna da ƙasashen da na taka, in bar shekarar da na fara zuwa Guangzhou, tunda abin ya wuce kuma Allah ya musanya mana da alheri. Na saurare shi kamar yadda na saba, amma wannan karon ba zan bi shawararsa ba. Tun ranar da Ummi ta dawo daga hutun Kaduna ta tsaya a ƙofar kicin tana tambayata ko da gaske gudu na yi, na san shirun da na yi shekara da shekaru bai kashe maganar ba, kiwonta ya yi. A gidan biki aka faɗa mata, a tsakiyar mata, wai an kashe wa uwarta dukiya an kai ta ƙasar Sin wasa, ta ajiye raket ɗin tanis ta bi wani ɗan kasuwa. Wadda ta faɗa ɗin ko yaye ta ba a yi ba lokacin da abin ya faru. To ga yadda aka yi, daga bakin wadda aka yi da ita.

Kun san a barikin soja na tashi. Kakanku saje ne, kuma cikin ayyukan da aka ɗora masa har da kula da filin tanis na hafsoshi, ya share, ya ja layi da farar ƙasa, ya ɗaure raga. Matar wani kyaftin ce ta yar da tsohon raket, na ɗauka na riƙa dukan bangon sito da shi har Baba ya gaji da ƙarar, ya fara buɗe mini filin da rana tsaka, lokacin da manya ke hutawa. Da mutane suka fara surutu a kan 'ya mace da gajeren siket, bai yi musu da kowa ba. Ya kai ni wurin tela aka ɗinka mini dogon wando da riga mai hannu, kuma da irin kayan nan na yi wasa har na daina, daga Kaduna zuwa Legas, Lome, Dakar, Alƙahira da Tunis. Ba ni da tsawo, sabis ɗina, wato bugun buɗe wasa, bai taɓa ba kowa tsoro ba. Abin da nake da shi ƙafa ce da taurin kai. Duk inda aka jefa ƙwallo sai na mayar da ita, in mayar, in sake mayarwa, har wadda ke gabana ta ƙosa ta buga a raga. Da haka na ci abinci shekaru, irin cin abincin ƙananan gasanni, inda mutum zai ɗaga kofi ranar Asabar ya kwana a tashar mota ranar Lahadi.

Abokiyata a wasan bibbiyu Saratu ce, 'yar Jos, bahaguwa, mai saurin hannu a bakin raga. Ita Kirista ce, amma a duk otal ɗin da muka sauka ita ke tashe ni sallar asuba, don barcina nauyi gare shi. Ɗaki ɗaya, sabulu ɗaya, wani lokacin kwanon abinci ɗaya. In na ce 'yar'uwata ce ban yi ƙari ba. Ku riƙe wannan, domin abin da zan faɗa a kanta nan gaba ba daga bakin maƙiyiya zai fito ba.

A shekarar da nake magana na kusa talatin, kuma sunana ya hau jerin 'yan wasan duniya zuwa inda bai taɓa kaiwa ba. Wata ƙungiya ta attajirai masu sha'awar wasanni ta ɗauki nauyinmu mu biyu, ta ce za ta kai mu gasannin Asiya. Suka haɗa mu da wani mutum da zai riƙe mana fasfo da tikiti da duk hidimar tafiya. Yana raye, yana da jikoki, don haka ba zan rubuta sunansa ba. Manaja muke ce masa, da Manaja zan ci gaba. Mutum ne mai fara'a da babbar riga, bai san yadda ake ƙirga maki a tanis ba, bai kuma taɓa tambaya ba. Sai da muka sauka Guangzhou na gane abin da ya kawo shi. Maimakon masaukin 'yan wasa da ke kusa da filin gasa, ya kai mu wani ƙaramin otal a unguwar Xiaobei, ya ce a nan ne za mu sami abincin halal. Abincin akwai shi, amma kasuwa ce ta ja shi. Kullum da safe ya wuce kasuwar Shahe, da yamma ya dawo da dilolin tufafi, har ɗakinmu ya cika, muna tsallake kaya kafin mu kai banɗaki. Mu kuwa mu ratsa gari mu kaɗai cikin zafin nan da kuka sani, wanda riga ke manne wa mutum tun bai ɗaga raket ba.

Ba mu daɗe da sauka ba Saratu ta fara riƙe cikinta ta gefen dama. A haka ta shiga wasan share fage, aka cire ta a zagayen farko, ta fito tana tafiya a duƙe. Na sami Manaja a harabar otal yana ciniki da wani mai tura kaya, na ce a kai ta asibiti.

"Abincin 'yan Sin ne bai karɓe ta ba," in ji shi. "Ki ba ta farasitamol, ta sha ruwan zafi."

"Ai an yi mana inshora, Manaja. Kai ka ce an yi."

"An yi mana. Amma ba a taɓa inshora don ciwon ciki."

Ita ma Saratu ta ce in bar maganar in mai da hankali kan wasana, zai lafa.

Ni kuma a makon nan hannuna ya buɗe yadda bai taɓa ba. Na cinye wasannin share fage duka, na shiga babbar gasar, abin da na yi shekaru ina bi. A zagayen farko aka haɗa ni da wata doguwar Baturiya da ta yi mini nisa a jeri, irin waɗanda ke zuwa da koci da mai tausa da jaka cike da raket. Ta cinye set, wato kashin wasa, na farko tun ban gama gane inda sabis ɗinta ke sauka ba. A na biyu na ja baya sosai, na fara ɗaga mata ƙwallo sama, in kai ta wannan kusurwa in dawo da ita waccan, zafin garin kuma ya goya mini baya. Na ga fuskarta ta yi ja, ta fara faɗa da kanta. 'Yan kallo, waɗanda da farko ɗankwalina suke nuna wa juna, suka koma tafa mini. Wasu 'yan kasuwa Kanawa da suka ji labari a masallaci sun zo sun zauna can sama da jamfofinsu, ba su san ƙa'ida ba, suna ihu a inda ya kamata a yi shiru, har alƙalin wasa ya roƙe su. Na ci set na biyu, na ci na uku. Da ƙwallonta ta ƙarshe ta faɗa waje ban yi tsalle ba, ƙafafuna ba za su iya ba. Manaja bai gani ba, yana unguwar Baiyun wurin masu jirgin kaya.

Washegari da azahar zan buga zagaye na biyu. Wanda ya san tanis ya san ma'anar wannan. Nasara ɗaya kuma, sunana ya shiga sahun waɗanda gasa ke buɗe wa ƙofa ba sai sun bi ta share fage ba. Da asuba ba hannun Saratu ne ya tashe ni ba, nishinta ne. Jikinta kamar garwashi, cikinta ya yi tauri kamar katako. Na buga ƙofar Manaja, ya riga ya fita. Na rataya jakar raket a kafaɗa ɗaya, Saratu a ɗaya, na sauko da ita, mai gadin otal ya tsayar mana da tasi. Nufina in miƙa ta ga likitoci in wuce fili. A asibiti kuwa ba mai jin abin da nake faɗa, ni ma ba na jin nasu. Ina ta cewa inshora, matar da ke kan tebur tana duba sunayenmu tana cewa meyo, meyo, wato babu. Sai na ji an yi sallama da Hausa a bayana. Wani siririn saurayi ne Badamagare, ya rako wani ɗan kasuwa cire haƙori yana yi masa tafinta. Shi ne babanku, kuma a ranar ko fuskarsa ban kalla da kyau ba. Ya yi magana da likita, sannan ya juyo.

"Madam, afendis ɗinta ne ya fashe, ƙazanta ta bazu a ciki. Yanzu za su shiga da ita tiyata. Suna son wani nata ya sa hannu ya zauna, don likita ya ce ba shi da tabbacin za ta fito."

Ya kalli jakar da ke kafaɗata. Ashe ya ji labarin wasan jiya.

"Ki sa hannu ki tafi wasanki. Ni zan zauna."

Shawara ce mai kyau, kuma na kusa ɗauka. Amma ana tura gadonta Saratu ta kama wuyan hannuna da hagun nan nata mai ƙarfi.

"Balaraba, kar ki bar ni in mutu a hannun mutanen da ba su san sunana ba."

Na sauke jakar. Babanku ya kira masu gasa ya roƙa a ɗaga wasan zuwa yamma, suka ce ƙa'ida ba ta yarda ba, kuma gaskiyarsu ce, ban taɓa ganin laifinsu ba. Lokacin da ake kiran sunana a fili ina zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata, da takalmin wasa a ƙafata. Aka ba abokiyar karawata nasara ba tare da ta buga ƙwallo ko ɗaya ba. Ajiye raket ɗin da ake faɗa a gidajen biki ke nan.

Bayan la'asar Manaja ya iso. An riga an fito da Saratu, tana kwance da robobi a hanci da ciki. Bai tambayi jikinta ba.

"Kin san abin da kika yi kuwa? Kin san mutanen da suka zuba dukiyarsu a kanki? Me zan ce musu?"

"Ka ce musu Saratu ta kusa mutuwa. Ina inshorar, Manaja? Sun duba, babu sunanmu."

Ya kalli babanku, ya ja ni gefe, ya rage murya. Ya ce takardu ne suka sami matsala, za a gyara in mun koma. A nan na gane bai taɓa yin inshorar ba, na kuma gane inda ta tafi, tunda ita nake tsallakewa kullum a ɗakinmu. Ya ce jirginmu jibi ne, mu tafi, asibiti ba ya jefar da mara lafiya a titi, in ta warke za a aiko mata da tikiti. Alhali likita ya riga ya ce sai ta yi makonni, don ciwon ya shiga jini, kuma dole a sami mai jinya da zai kawo mata abinci, ya juya ta, ya kai ta bayi.

"Ba ni fasfo ɗina da nata," na ce.

"In kika zauna, zaman kanki kika yi. Ba ruwan ƙungiya."

"Ba ni."

Ya zaro su daga aljihun babbar riga ya jefa a kan ƙafafun Saratu. Ranar tafiya ya tashi shi da dilolinsa, da tikitinmu na komawa a aljihunsa.

Na je shagon waya a Xiaobei na kira gidan maƙwabtanmu aka kirawo mini Baba. Na fara yi masa bayani ina kuka, ya katse ni.

"Yarinyar tana raye?"

"Tana raye, Baba."

"Akwai wani nata a wurin?"

"Babu, sai ni."

"To me kike tambayata? Ki zauna har ta taka da ƙafarta."

Otal ya fi ƙarfina, sai babanku ya kai ni gidan Alhaji Issaka, mutumin zangon Kumasi mai tura kaya Ghana, da matarsa Mma Memuna, wadda kuka tashi kuna ce wa kaka. A lokacin a can saman bene take dafa abinci, 'yan kasuwa suna hawa su ci wake da shinkafa irin ta Kumasi da tuwo miyar ayoyo. Ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai ne ɗan ƙwallon?" in ji ta, don Hausarsu ta can ba ta raba mace da namiji. "Shigo. Ka ci abinci tukuna, kuka daga baya."

Gidan nan ba ya shiru. Alhaji yana waya yana faɗa a kan kwantena, yaransa suna naɗe kwalaye da salatif, mai kawo kayan miya yana ƙofa yana kiran lawban, lawban, wato maigida, Mma tana yi masa ciniki da Sinancin da ita kaɗai ta san inda ta koya. Ni kuma na kwana da 'ya'yanta mata a tsakanin buhunan shinkafa. Kullum sai ta dama wa Saratu kunu ta yi mata romo, in ɗauka zuwa asibiti. Wata rana wani mai cin abinci ya ce ai ya ji yarinyar ba Musulma ba ce, Mma ta ɗauke kwanon daga gabansa yana tsakiyar loma, bai sake hawowa ba. Ladan da na samu a gasar ya tafi asibiti gaba ɗaya, sauran kuma 'yan kasuwa suka haɗa bayan sallar Juma'a, Kanawa da 'yan Nijar da mutanen zango, yawancinsu ba su taɓa ganin Saratu ba. Da bizarmu ta kusa ƙarewa, Alhaji Issaka da babanku suka raka ni ofis da takardar likita, aka ƙara mana. Ku ji wannan da kyau: ban taɓa kwana ɗaya a ƙasar nan ba bisa ƙa'ida ba. Kuma duk safiya, kafin in tafi jinya, sai na hau matakalan benen nan da gudu na sauko, na doki bangon wurin ajiye motoci da ƙwallo, don a raina hutu kawai na ɗauka, zan koma.

A teburin Mma na ji labarin kaina. Wani ɗan kasuwa ne ya sauka daga Kaduna a ranar, ina zuba masa miya, bai san ni ba.

"Wai kun ji wata 'yar tanis ta gudu a garin nan? Har a rediyo an faɗa. An ce ƙin fita wasa ta yi, ta bi wani ɗan Nijar. Shi shugaban tafiyar, bawan Allah, sai da ya biya wa ɗayar asibiti daga aljihunsa kafin ya taho."

Alhaji Issaka ya ajiye cokali.

"Ga ta nan a kanka riƙe da miya. Daga wanke wa ɗayar jiki ta dawo."

Mutumin ya yi ta ba ni haƙuri, amma ba shi ya yi mini laifi ba. A tsaye a wurin na gane dabarar Manaja. In dai ni ce wadda ta gudu ta bi namiji, ba wanda zai saurare ni ranar da na tambayi inshora. Don ya rufe dilolin tufafi ya ɗauki mutuncina da na gidanmu ya shimfiɗa a kai.

Duk da haka hankalina bai tashi sosai ba, don ina da shaida. Da Saratu ta miƙe, 'yan kasuwa suka saya mana tikiti, kuma a cikin jirgi ta riƙe hannuna ta ce ita da bakinta za ta faɗa musu komai. Abin da ban sani ba shi ne Manaja zai riga ni zuwa Jos. Likita ya ce Saratu ta gama wasa, ga uwa tsohuwa, ga ƙanne a makaranta, shi kuma ya je da alkawarin aikin koyar da yara a filin ƙungiya. Ranar da attajiran suka zauna sauraronmu, aka tambaye ta abin da ya faru. Ta kalli hannuwanta.

"Ni ba na cikin hayyacina lokacin. Ban san komai ba."

"Balaraba ta zauna da ke a asibiti?"

"Nakan gan ta wani lokaci."

Ni da na ɗauki fo ɗinta da hannuna, na tsefe mata kai, na ba ta kunu a cokali. A waje na tare ta na kira sunanta.

"Ke kina da lafiyarki, za ki sake wasa," in ji ta. "Ni cikina a ɗinke yake. Ki yi haƙuri."

Ban sake wasa a wajen ƙasa ba. Ƙungiya ta janye, kuma babu attajirin da zai saya wa wadda aka ce tana gudu tikiti. Makin tanis ba ya jiran kowa, in shekara ta zagayo ba ka kare shi ba sai ya zube. Ina zaune a Kaduna, da ƙafata da hannuna lafiya lau, ina ganin sunana yana gangarowa har ya fita daga jerin. Wannan ya yi mini ciwo, amma ba shi ne abin da har yau ke hana ni haɗiye abinci in na tuna ba. Kakanku ne. Mutumin da bai taɓa roƙon kowa komai ba ya riƙa sa kaftaninsa na Juma'a, ya maƙala lambobinsa na soja a ƙirji, ya tafi ofishin ƙungiyar don ya ga shugaba. Su ajiye shi a benci. Su ce ya fita, su ce yana taro, su ce Baba ka dawo gobe. Damina guda yana wannan zirga-zirga. A masallacin unguwa in ya iso sai hira ta mutu, har wani ya ce masa a gaban jama'a, ai Saje kai ka ɗinka mata wando. Wata rana ya dawo da rana tsaka, ya zauna a kan tabarma yana cire lambobin ɗaya bayan ɗaya.

"Sun ce in daina zuwa," in ji shi. "Wai ina tsorata musu baƙi."

Daga ranar bai sake bi ta gefen filin tanis ba. Ba na cewa su suka kashe shi, rai na Allah ne. Amma na san yadda yake tafiya kafin shekarar nan, na kuma san yadda ya koma tafiya bayanta.

Kafin ya rasu, babanku ya zo Kaduna da kawunsa daga Damagaram neman aurena. Baba ya zaunar da shi ya sa ya ba shi labarin ranar asibiti tun daga farko, ya saurara ido a rufe, sannan ya ba shi ni. Kun san abin da mutane suka ce? Ba mun faɗa ba, ga ɗan Nijar ɗin ya fito. Auren da aka ɗaura da rana a ƙofar gidan ubana, da liman da shaidu da goro, shi ya zama hujjar ƙaryar. Ummi, sai da damina biyu ta wuce bayan ɗaurin auren kafin a haife ki, in ma wata ta yi miki wannan shaguɓen. Na dawo Guangzhou a matar aure, na sami filin da nake koya wa yara wasa a Baiyun, inda kuka yi rarrafe a gefen raga. Saratu kuwa ta je ta'aziyyar Baba, ta durƙusa gaban mahaifiyata ta faɗi gaskiya duka tana kuka. Ta makara, kuma a ɗaki ta faɗa, ba kowa sai tsohuwa. Amma ta faɗa da bakinta, kuma na san yunwa ce ta rufe mata shi da farko. Ita na yafe mata.

'Yan shekarun baya, kuna makaranta, aka yi sunan jikan Mma Memuna, aka cika gidan abincin 'ya'yanta a Xiaobei. Ina raba nama sai ga wani dattijo an shigo da shi, farin gemu, sanda a hannu, wai ya zo sayen tayil na sabon gidansa. Maza suka miƙe suna ba shi kujera. Shi ya fara gane ni.

"A'a, Balaraba ce? 'Yarmu, gwanarmu. Kin ga ikon Allah, ashe arzikinki a nan yake. Da ban kawo ki garin nan ba, ina za ki sami wannan gida da miji? To mun tsufa, mu yafi juna."

Waɗanda ba su san komai ba suka ɗauka, Hajiya a yafe, Hajiya ai babba ne. Na ajiye tiren.

"Manaja, faɗa wa mutanen nan inda nake lokacin da aka kira sunana a fili."

"Haba, abin ya daɗe. Tsufa ya cinye."

"Ina inshorar?"

Ya duba ƙasa yana juya sandarsa.

"To ni ban manta ba. Ka koma Kaduna, ka je masallacin unguwarmu, inda mahaifina ya yi ta sallah da kai a sunkuye saboda kai. Ka miƙe bayan an sallame, ka ce ƙarya ka yi mini. Ranar zan yafe maka. Kafin nan ban yafe ba."

Bai ci naman ba, ɗansa ya kama shi suka fita. A jirgin ƙasa muna komawa gida babanku ya ce na kunyata dattijo a gaban mutane. Na ce shi a rediyo ya kunyata ni, kuma nawa dattijon a benci aka ajiye shi.

Duk wanda ya sauka daga Kaduna ina tambayarsa, har yau Manaja bai je masallacin ba. Ƙofa a buɗe take, kuma abin da na nema bai fi ƙarfin tsoho mai sanda ba. In ya je bayan raina, ku yafe masa a madadina, ku kuma yi masa addu'a. In bai je ba, kada wanda ya yafe da sunana.